Gubar da ke shiga tukunya tun daga rumbu: Yadda wake da gyaɗa ke zama haɗari a arewa maso yammacin Jigawa

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen shekara, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura zai ga kaka da idonsa. Gyaɗa a baje tana shan rana, harawar wake a ɗaure a kan bishiyoyi, motoci maƙare da buhuna sun nufi kasuwar Dawanau. Haka abin yake a ƙauyukan Roni da Gwiwa masu maƙwabtaka da Jihar Katsina, haka kuma a Babura da ke bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. Lokaci ne na farin ciki ga manomi, domin wahalar damina ta zama kuɗi. Amma a cikin waɗannan makonni ne, tsakanin roro da shanya da zubawa a buhu, ake ƙulla abin da zai shiga cikin yara da manya har zuwa wata kakar.

Guba iri biyu ce ke bin amfanin gonar wannan yanki zuwa tukunya. Ɗaya mutum ne ke zuba ta da hannunsa domin ya kare wake daga ƙwari. Ɗayar kuwa fumfuna ce ke haifar da ita a cikin gyaɗa da masara, ba ta da wari, ba ta da launin da ido zai tabbatar, kuma wutar murhu ba ta kashe ta.

Wake da fiya-fiya

Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Babban maƙiyin wake bayan girbi shi ne ɗan ƙaramin ƙwaron da ke saka ƙwai a jikin ƙwayar tun a gona. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda, ta cinye ciki, ta fito ta sake haihuwa. Buhun da aka ajiye ba kariya kan koma huji da gari cikin 'yan watanni. Ɗan kasuwar da ya sayi wake da araha a Nuwamba yana jiran tsadar bazara ya san cewa jarinsa na hannun wannan ƙwaro, don haka yake neman abin da zai kashe shi ko ta halin ƙaƙa.

Abin da ya fi sauƙin samu shi ne fiya-fiya, wato ruwan maganin ƙwarin da ke ɗauke da sinadarin diklorbos, wanda aka fi sani da sunan kasuwa na Sniper. An yi shi ne domin feshi a gona, ba domin a yayyafa wa abinci ba. Aikinsa a jikin ƙwaro da jikin mutum iri ɗaya ne: yana toshe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya bayan an aika shi, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba hutu. Wanda ya ci da yawa zai fara da dalalar yawu, zufa, amai, gudawa da ƙanƙancewar ƙwayar ido, idan abin ya yi tsanani numfashi ya gagara. Wanda yake ci kaɗan-kaɗan kuwa ba zai ga komai nan take ba, kuma shi ne mafi yawa.

Akwai kuma ƙwayar da 'yan kasuwa ke kira bom, wadda ke fitar da iskar fosfin idan ta sha danshi. Ita an yi ta ne domin hatsi, kuma idan an bi ƙa'ida ba ta barin saura mai yawa: a naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle, a sa ta a ma'ajin da iska ba ta fita kuma nesa da inda mutane ke kwana, bayan kwanaki a buɗe a sha iska, a binne tokar. Matsalar ita ce gidaje da yawa ɗakin ajiya shi ne ɗakin kwana, ko kuma katanga ɗaya ce ta raba su. Iskar da ta kashe ƙwaro a buhu tana iya kashe yaron da ke barci kusa da buhun. Na uku shi ne gamalin, wanda aka haramta tuntuni saboda yana daɗewa bai narke ba kuma yana taruwa a kitsen jiki.

Ba sabon labari ba ne. A shekarar 2008 an kwantar da ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar 'yan mata a Gombe bayan sun ci wake, kuma a wannan shekarar ce hukumar NAFDAC ta haramta jerin magungunan ƙwari kusan 30. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya, bayan an riƙa samun diklorbos daga miligiram 0.03 zuwa 4.6 a kowane kilogiram, alhali iyakar da dokarsu ta yarda da ita 0.01 ce. Wato wani waken ya ninka iyakar har sau 460. Haramcin da aka ce na shekara ɗaya ne aka yi ta sabunta shi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye ranar cin ta zai iya auna wa kansa inda wannan hani ya tsaya.

Abin lura a nan shi ne, Turai ta ƙi waken ne domin tana da ɗakin gwaji a bakin tashar jiragen ruwanta. Waken da ta ƙi bai koma gona ba. Irinsa ne ake aunawa da kwano a Kazaure da Babura, inda ba mai gwadawa.

Yadda ake sarrafa wake ma yana da tasiri. Mai ƙosai da mai alala suna jiƙa shi, su surfe, su wanke, su zubar da ruwan, kuma hakan na rage wani kaso na maganin da ke jikin ɓawo. Mai dafa wake da shinkafa idan ta tafasa ta zubar da ruwan farko ita ma ta rage. Amma garin ɗanwake a bushe ake niƙa shi tare da rogo ko dawa, sau da yawa ba tare da ruwa ya taɓa waken ba, don haka duk abin da aka yayyafa masa yana cikin garin. Lamarin ya kai matsayin da wasu matan gida ke neman wake mai 'yan huji a kasuwa, domin hujin shi ne shaidar cewa ba a yi masa wanka da fiya-fiya ba. Waken da a da ake raina wa ya zama abin nema.

Buhun da ba ya buƙatar magani

Abin takaicin shi ne maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa, kuma ba ya buƙatar ko ɗigo ɗaya na guba. Ƙwaron wake numfashi yake yi. Idan aka rufe shi inda iska ba ta shiga, zai shanye wadda ke ciki, ya daina ci da haihuwa, ya mutu. Wannan ita ce hikimar da ke cikin duro ko jarkar da aka cika da wake aka toshe bakinta, dabarar da manoma da dama suka sani. Iyaye da kakanni ma sun yi ta cakuɗa wake da toka ko lallausan yashi domin su toshe wa ƙwaro wurin motsi.

A kan wannan tushe ne masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka ta Yamma, suka fito da buhun PICS mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. An fara yaɗa shi sosai a 2007, ana kuma ƙera shi a Kano. Wake busasshe na iya shekara a cikinsa lafiya, kuma idan ledar ba ta huje ba ana sake amfani da buhun a kaka ta gaba. Dalilin da ya sa bai kori fiya-fiya ba lissafi ne kawai. Kwalba ɗaya ta magani tana isar buhuna da yawa, shi kuwa PICS kowane buhu da kuɗinsa, kuma a kasuwa farashin waken da aka adana da tsabta da wanda aka yi wa feshi ɗaya ne. Ɗan kasuwar da ya kashe kuɗi ya kare lafiyar mai saye ba ya samun ko sisi a kan wanda bai damu ba. Muddin haka lissafin yake, wa'azi kaɗai ba zai sauya shi ba.

Wasu kan ɗauka cewa sabon irin wake na SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a ƙarshen 2019, ya kawo ƙarshen zancen. Wannan iri yana jure tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona, don haka yana rage yawan feshin damina. Ƙwaron rumbu kuwa dabam ne, shi bai san da wannan ba.

Gyaɗa da gubar da ba a gani

Ta biyun ta fi wuyar bayani, kuma ta fi barna. Sunanta aflatoksin. Wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasa, ke samar da ita. Duniya ta san da ita ne a 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Burazil. A 1974 ta kashe mutum 106 a jihohin Gujarat da Rajastan na yammacin Indiya, waɗanda suka ci masarar da ruwan sama ya lalata. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, ita ma ta hanyar masarar gida. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Yanayin Babura da Gwiwa da Roni irin wanda fumfunar ke so ne. Ƙasar jigawa ce mai saurin bushewa da ɗaukar zafi. Idan ruwa ya ɗauke da wuri alhali gyaɗa na cika ƙwaya, shukar takan galabaita, kwanso ya tsage, gara da sauran ƙwari su huda, fumfuna ta samu ƙofa. Tun kafin a tuge gyaɗar ke nan. Bayan an tuge, idan aka tara ta da danshi, ko aka shanya a kan ƙasa tsirara raɓa na sauka, ko ruwan ƙarshen damina ya same ta, sai fumfunar ta ci gaba da aikinta. Gyaɗa tana buƙatar danshinta ya sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100 kafin a rufe ta, masara kuma ƙasa da kashi 13. Manomin da ke da bashin taki a wuyansa ba ya jiran wannan lissafi, balle wanda ke yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi saurin ɓarewa ko ta ƙara nauyi.

Daga nan sai kasuwa ta raba gyaɗar gida biyu. Manyan ƙwayoyi masu kyau su tafi iri, ko kamfani, ko birni. Ƙanana, yamutsattsu, fasassu da masu baƙi-baƙi su tafi da araha. Kuma a cikin waɗannan ne gubar ta fi taruwa, har ƙwaya 'yan kaɗan kan ɓata buhu guda. Wa ke sayen mai arahar? Matar da ke matsar mai a gida, wadda ribarta ba ta kai ta sayi ta farko ba. Idan ta matse, kaso mafi yawa na gubar yakan zauna a tunkuza, ita kuma tunkuza ita ce ƙuli-ƙuli. Daga ƙuli-ƙuli sai yajin tsire, sai labun kilishi, sai kwaɗon zogale da na rama, sai wanda yaro ke gurgura a hanyar makaranta, sai wanda ɗalibin kwana ke jiƙawa da garin kwaki. Man da aka tace a masana'anta yakan rabu da mafi yawan gubar, amma man gida da ba a tace ba yana riƙe da wani kaso. Suya na rage ta kaɗan. Tafasa ba ta yi mata komai a zo a gani.

Ba a nan ta tsaya ba. Saniyar da aka ciyar da ruɓaɓɓiyar tunkuza ko dusar masara mai fumfuna tana fitar da wani nau'in gubar a nononta, ya bi kindirmo zuwa ƙwaryar fura. Uwa mai shayarwa ma haka.

Hanta ce ke karɓar dukan. Ita ke ƙoƙarin narkar da gubar, a cikin haka wani ɓangarenta ya manne wa ƙwayoyin halittar hantar ya jirkita su. Shekaru na tafiya, ciwon daji ya bayyana, yawanci a lokacin da magani ya ƙure. Haɗarin yakan ninka har kusan sau 30 ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan cuta, akasarinsu ba su sani ba. Wannan ya sa allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariri cikin sa'o'i 24 na haihuwa, wadda kyauta ce a asibitocin gwamnati, take cikin maganar abinci kai tsaye. Jaririn da aka haifa a gida aka jira suna ya wuce kafin a kai shi asibiti ya rasa lokacin da allurar ta fi amfani.

Sai batun yara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Dalilan suna da yawa: ƙarancin abinci mai gina jiki, gudawa, zazzaɓi, ruwa marar tsabta, haihuwa kusa da kusa. Ba wanda zai ɗora wa gyaɗa duk wannan. Amma wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara 480 a Binin da Togo ya samu alamar aflatoksin a jinin kusan dukkansu, kuma waɗanda suka tsumbure sun fi sauran yawanta, musamman bayan yaye. Wannan yana da nauyi a inda ake koya wa iyaye mata haɗa garin kunun yara daga gero da waken suya da gyaɗa domin yaƙar tamowa. Shawarar daidai ce, gyaɗa abinci ce mai gina jiki kuma mai arha. Sai dai idan ba a haɗa ta da koyar da tsince ƙwayoyin da suka lalace ba, ana iya ba yaro magani da cuta a cokali ɗaya.

Tsincewa da hannu, ko da yake aiki ne mai cin rai, tana rage gubar sosai, da sharaɗin a binne abin da aka tsince, kada a ba kaji ko a mayar da shi kasuwa. Shanya a kan tamfol ko tabarma, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, su ma suna taimakawa. A gona kuma akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ƙwayoyin dawa ne da aka lulluɓe da 'yan uwan wannan fumfuna waɗanda ba sa fitar da guba. Ana watsa kilogiram 10 a kadada ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin fure, sai marasa gubar su mamaye gonar su hana masu gubar wuri. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Shi ma dai matsalarsa ta buhun PICS ce: manomi zai biya, kasuwa ba za ta saka masa ba.

Alhakin wa?

A watan Maris na 2021, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami da ake haɗa lemo da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano ya kuma kashe wasu, hukumomi sun tashi tsaye cikin kwanaki, aka shiga kasuwanni, aka kama kaya. Gubar da ke kayar da mutum nan take tana samun wannan gatan. Wadda ke ɗaukar shekara ashirin kafin ta nuna kanta ba ta da ranar da za a ce yau ta yi kisa, don haka ba ta shiga labarai, ba ta shiga yaƙin neman zaɓe.

Matasa da dama idan aka yi zancen gurɓataccen abinci NAFDAC suke ambata. Hukumar tana da hurumin magungunan ƙwari da abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, hukumar SON kuma ita ke tsara ma'auni. Amma ofishin da ke Dutse ba zai tsaya a kan kowane kwanon wake a Gwiwa ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da mahauta da kula da su, da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da sauran wuraren sayar wa jama'a abinci, a wuyan ƙaramar hukuma. Ma'aikacin wannan aiki shi ne duba-gari, wanda dattawa ke tuna zamanin da shigowarsa unguwa kan sa a wanke randa. Ƙaramar hukuma tana karɓar kuɗin rumfa da na buhu kowace ranar kasuwa. Wanda ya karɓi haraji a kan buhu ya kamata ya iya faɗin abin da ke cikinsa.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kuɗi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ko ba a yi ba, ya ba ɗan ƙasa hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa da kansilansa: duba-gari nawa ke aiki a Roni, kuma yaushe rabon a ɗauki sabo? Akwai na'urar auna danshin hatsi ko ɗaya a kasuwar Babura? Akwai 'yan ƙananan kayan gwajin aflatoksin da ke ba da sakamako cikin mintuna, waɗanda ba sa buƙatar babban ɗakin bincike, kuma Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, Babura na da Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Ɗalibai da malaman da za su iya gwada ƙuli-ƙulin kasuwanninsu su wallafa sakamakon suna nan a cikin garin.

A matakin jiha, hukumar JARDA ce ke da malaman gona, kamfanin JASCO kuma shi ke sayar da kayan noma. Hanyar da taki ke bi ya isa ƙauye ita ce hanyar da buhun PICS da Aflasafe za su iya bi. Gwamnati kuma babbar mai sayen wake ce, domin makarantun kwana da ciyarwar azumi da tallafin abinci. Da za a rubuta a takardar kwangila cewa ba za a karɓi wake ba sai wanda aka adana a buhu mai riɓi uku, ba za a karɓi gyaɗa ba sai da sakamakon gwaji, da a karon farko ɗan kasuwa mai tsabta ya samu farashin da ya fi na mai fiya-fiya. Wannan sharaɗi ba ya buƙatar sabuwar doka daga Abuja, inda ƙudurin dokar ingancin abinci ya shafe shekaru yana kai-komo a Majalisar Tarayya. Layi ɗaya ne a takardar kwangila, kuma ɗan majalisar jiha mai wakiltar Kazaure ko Gwiwa na da ikon neman a nuna masa takardar a lokacin kare kasafin kuɗi.